Haɗa Maburgi a Tukunyar Tace Itanol

Masu tace itanol daga rogo ko dawa don makamashin girki sun san wahalar ƙullu mai kauri: yana kwantawa a gindin tukunya ya kama, ƙauri ya ɓata aikin duka. Maganinsa maburgi mai juyawa a hankali, kuma mai walda na unguwa zai iya haɗa maka shi.

Sandar maburgin da fukafukanta su zama na bakin ƙarfen da ba ya tsatsa, wato sitenles. Kada ka yarda da ƙarfe mai rufin tutiya ko abin da aka liƙe da dalma. A karkata fukafukan kaɗan, a sauko da su dab da gindi, domin can ƙullun yake kamawa. Motar abin share gilashin mota mai bolt 12 ta isa juya maburgin ƙaramar tukunya; juyi 30 zuwa 60 a minti ya wadatar. Gudu kumfa kawai yake tayarwa.

Inda na fi damuwa shi ne ramin da sandar ta ratsa murfi. Itanol yana tafasa a kusan digiri 78, tururinsa kuwa tartsatsi ɗaya yake jira. Irin wannan motar tana tartsatsi a cikinta, don haka a nisanta ta daga murfin, a haɗa ta da sandar ta hanyar bel. A toshe ramin da Teflon, domin roba ta yau da kullum lalacewa take yi. Fara gwadawa da ruwa zalla, a fili mai iska, kuma ka nemi izinin hukuma kafin ka ɗora ƙullu.