Mutumin da Ya Ƙidaya Matalauta

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ce ragonci ne ya jawo wa wane tsiya. To, bari mu duba abin da wani Bature, Seebohm Rowntree, ya tarar a birnin York, ƙasar Ingila.

A shekara ta 1899 ya sa aka bi gida gida, har iyali 11,560, ana tambayar aikin maigida, da kuɗin haya, da yawan masu ci. Sa'an nan ya yi lissafi, ya ga mutum da matarsa da 'ya'ya uku suna bukatar sule 21 da kobo 8 a mako domin abinci da tufafi da haya da makamashi da ƙananan bukatun gida kaɗai, ba ko anini na taba.

Fiye da rubu'in mutanen garin suna cikin talauci. Waɗanda samunsu bai kai ma'aunin nan ba kuwa, wajen rabinsu maigida yana aiki kullum, lada ne ba ya isa. Wannan ya ba mu kunya.

Ya kuma ga lebura yakan faɗa cikin rashi sau uku: yana yaro, sa'ad da 'ya'yansa suke ƙanana, da kwanakin tsufa. A 1908 aka yi dokar biyan tsofaffi matalauta masu shekara 70 fensho, har sule 5 a mako.