Abokina Ya Sayar Mini Da Tayar Da Ta Kayar Da Mu

Kawu,

Ni magidanci ne a Randagi, ƙasar Birnin Gwari. Mashin ne ƙafata, da shi nake zuwa gona a bakin daji, da shi nake kai hatsi cikin gari. Da damina taɓo ya hana ni sakat, sai na je wurin abokina mai shagon kayan mashin, wanda muka yi makarantar allo tare, na ce ya zaɓar mini taya. Ya ɗauko mai manyan haƙora, gaba da baya, ya ce ko cikin rafi ba za ta ba ni kunya ba. Ko tayi ban yi ba, Kawu. Abin da ya faɗa shi na ƙirga masa.

Ta yi aiki da damina, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma da hunturu ya shigo, wata asuba na ɗauko maiɗakina za mu asibiti, muna hawa kwalta na taka birki saboda rami, mashin ya kwashe da mu. Ita ta gurje gwiwa, ni har yau hannuna ba ya ɗaga buhu. Da na je na faɗa masa, a gaban mutane ya yi dariya, wai ai ba taya ke tuƙi ba. Mutumin da ni na yi masa abokin ango! Ko dubiya bai zo ba. Ga shi wata biyar kacal haƙoran baya sun cinye a tsakiya. Cuta ta ya yi? In mayar masa ne, ko in kai shi gaban mai unguwa? Wallahi dariyar nan ce ke hana ni barci.

Wani ɗanka, Randagi

Allah Ya ba ku lafiya, kai da iyalin.

Ɗana, ka ba ni labarin makarantar allo da na biki, amma ba ka ce wane mashin ne ba, ba ka kuma ce me ke ɗaure a kariya ran nan ba. Na san mutanenmu, ba a tasowa daga ƙauye zuwa gari haka ziƙau. Zan ɗauka Boxer ce.

Zancen mai unguwa ka bar shi. Tayar taɓo ka nema, ita aka ba ka. Haƙoran nan nutsewa suke yi cikin laka su kama. A kan kwalta ba inda za su nutse, kawunansu kaɗai ke taɓa titi, kuma lanƙwashewa suke da an matsa musu. Ga sanyin asuba ya sa roba ta ƙage, ga ƙurar hunturu kwance kan titi kamar an barbaɗa gari. Saurin cinyewa a kwalta ma halinta ne.

Yanzu ga inda zan yi maka faɗa: iska. Na gaji da faɗar wannan a filin nan. Yaushe rabon da a sa wa tayarka geji? Mai faci ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ya kasa kunne, ya ce ta yi, kai kuma ka hau. Ana ɗura mata iska tam saboda buhun masara, a sauke buhu a manta da iskar. Tayar da ta fara cinyewa daga tsakiya ita da kanta ta ba da shaida. Abin da Boxer ke so shi ne 25 a gaba, 28 a baya in kai kaɗai ne, 32 in da goyo, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Ka sayi gejinka ka sa a aljihu.

Wadda za ta maye gurbinta, nemi mai gajerun haƙora, a matse a tsakiya, a buɗe ta gefe. Cikin taɓon Agusta za ka riƙa sauka kana turi wani lokaci, amma za ta tsaya maka a kwalta. Ka dubi lambar tsohuwar, galibi 2.75-17 ce gaba, 3.00-17 baya, kada a canja maka.

Ka ce ka "taka" birki. Na baya kenan shi kaɗai, shi ya sa ta kulle ta kwashe ku. A haɗa da na hannu, a hankali. Sannan ko da sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 ya buɗe hanya, ban ga dalilin gudu cikin hazo kafin gari ya waye ba.

Abokinka kuwa, akwai wuri ɗaya da zai iya zama da laifi. A gefen taya akwai lamba huɗu cikin ɗan zobe: 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. A 2021 an hana hawan mashin a jihar Kaduna, an rufe kasuwannin mako a Birnin Gwari, kaya sun daɗe a shaguna. In tayar ta haura shekara biyar kafin ya sayar maka, robar ta riga ta bushe, kana da magana. Ka je masa bayan isha'i, lokacin da ba kowa a bencin shagon, ka haska tocila ku karanta lambar tare. Maganar dubiyar da bai zo ba, a nan za ka yi masa ita.

Kawu