Kafin Mu Sayi Gida: Yaushe Za Mu Kira Magini Ya Duba?

'Yan'uwa, a ƙasar Baure yawancinmu sau ɗaya muke sayen gida a rayuwa. Kuɗin kuwa na gero ne da gyaɗa da riɗi, ko na dabbar da muka daɗe muna kiwo. Sabon yaɓe da fenti suna iya ɓoye lahani, kuma ba a cinikin biri a sama.

Dubawa iri uku

A Ingila masu sana'ar duba gidaje sun kasa aikin mataki uku. Mu ma muna da irinsu. Na farko, mu zaga gidan da idonmu. Na tsakiya, mu ɗauki gogaggen magini ya bi ɗaki-ɗaki, ya hau rufi, ba tare da ya fasa kome ba. Na uku, mu nemi injiniya ya bincika har harsashi.

Yaushe na tsakiya ya dace?

- Idan gidan ƙasa ne ko na bulo da kwano, ya yi shekaru, amma ba mu ga wani babban lahani ba.
- Idan an yi masa filasta ko fenti gab da sayarwa.
- Idan ya daɗe ba kowa a ciki.

A yi wannan kafin a ba da kafin alƙalami, gama da wuya kuɗin da ya fita ya dawo.

Amma idan bene ne, ko tsaga ta bi bango daga tushe har sama, ko gidan yana kan hanyar ruwa, sai injiniya. Mu tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta rushe ɗaruruwan gidaje, ta hallaka mutane da yawa.

Damina ce ta fi nuna gaskiyar gida, musamman watan Agusta. Idan da rani ne, mu nemi tabon ruwa a silin da bango, mu kuma tambayi maƙwabta inda ruwa yake kwanciya.

Abin da magini zai duba

- Azara da katakon rufi: ya ƙwanƙwasa, domin gara daga ciki take ci.
- Indararo da kwano: toshewa, tsatsa, yoyo.
- Gindin bango: ko ruwa ya zaizaye shi.
- Bulo: idan yana marmashewa a hannu, siminti bai isa ba.
- Shadda da rijiya: a samu tazarar aƙalla mita 30.

Kada maginin ya zama ɗan'uwan mai gida ko abokin dillali. Mu ne za mu biya shi, a kuma rubuta abin da ya gani da kuɗin gyara. Da wannan takarda sai mu nemi ragi, ko mai gida ya gyara, ko mu haƙura.

Magini gini kaɗai yake dubawa. Batun mallaka kuwa sai mu je wurin mai unguwa da dagaci, mu tabbata dukan magada sun yarda, a yi takarda gaban shaidu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne magina amintattu muke da su a ƙauyenmu?
2. Yaya za mu taimaki gwauraye da sababbin ma'aurata su sami wanda zai duba musu?