DARASI: YADDA AKE SAITA MADUBIN HANGEN NESA

Darasinmu na wannan fitowa a kan madubin hangen nesa ne, mai ido biyu, wanda Faransawa ke kira "jumel". Duk wanda ya taɓa koro shanu daga iyakar Cadi, ya biyo ta Kaga-Bandoro da Sibut da Damara har Bangi, ya san amfanin hango abu tun da nisa, ko saniyar da ta ware, ko rafi, ko shingen zargina. To amma da yawanmu a Kilomita Biyar mun saye shi, ba mu iya saita shi ba.

Da farko a duba lambar da ke jikinsa, misali 8x40. Ita 8 tana nufin saniyar da ke nisan mita 800 za ka gan ta kamar tana mita 100. Ita kuwa 40 faɗin gilashin gaba ne da milimita. Da almuru 7x50 ya fi haske. In lambar farko ta wuce 10, rawar hannu ba za ta bar ka ka ƙirga garke ba.

Ga yadda ake yi:

1. Ka lanƙwasa shi a tsakiya har da'ira biyun nan su haɗe su zama ɗaya.
2. Ka zaɓi abin da ba ya motsi, kamar itace a nisan mita 100. Ka rufe gilashin dama da tafin hannu, ka murza dunƙulen tsakiya har ganye ya fito tangaram.
3. Sai ka rufe na hagu. Kada ka taɓa na tsakiya. Zoben da ke idon dama shi za ka murza har itacen ya sake fitowa.
4. Ka haddace alamar da zoben ya tsaya a kai, don idon kowa daban ne. In yaronka ya ara, sai ka mayar.

Daga nan na tsakiya kaɗai za ka riƙa juyawa. Kafin ka biya kuɗi ka gwada. In abu ɗaya ya zama biyu, madubin ya taɓa faɗuwa, ciwon kai kawai zai jawo maka.

A kiyaye: kada a kalli rana da shi, yana makantarwa. Ƙurar hunturu a hure ta tukuna, kada a goge da bakin riga.

Sai babban gargaɗi. Tun rikicin 2013 hanyoyin ƙasar nan ba sa rabo da shingaye. Kada ka ɗaga madubi wajen barikin soja ko sansanin MINUSCA, a ɗauke ka ɗan leƙen asiri. Mai ido ɗaya kuwa, irin na ɗaurawa kan bindiga, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. In aka same shi a jakarka, wa zai yarda kai bafatake ne?

Allah Ya kai mu gida lafiya da dukiyarmu, amin.