Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Damagaram: Ku Bi Sawun Abin Da Banki Ya Yanke Muku

Ƙannena,

Da yawanku yanzu kuna da katin banki a aljihu: malaman kwantiragi, ɗaliban Jami'ar André Salifou, 'yan tireda na Kasuwar Dole. Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai ga an zaftare masa jika biyu ko uku, ya yi tsaki, ya ce ya bar wa Allah. Haƙuri halin kirki ne, amma wannan kunya ce da tsoron ofis, kuma guminku ne ke tafiya.

Ku san wannan tukuna. Tun ranar 1 ga Oktoba 2014, babban bankinmu BCEAO ya wajabta wa bankunan ƙasashen UEMOA yin ayyuka 19 kyauta. A cikinsu akwai buɗe asusu da rufe shi, shigar albashi, cire kuɗi da kati a na'urar bankinka, duba abin da ya rage a wannan na'urar, da biyan kaya da kati a cikin ƙasashen ƙungiyar. Akwai kuma biyu da na fi so ku riƙe: takardar bayanin asusu sau ɗaya a wata, da takardar da ke tattara duk cajin da aka yi maka a shekara. Da su ake kama kuskure, kuma ba a sayar da su.

Ba kowane yanka ne zalunci ba. Wanda ya ci albashinsa kafin ƙarshen wata, ko ya cire kuɗi a na'urar wani banki, akwai abin da zai biya. Amma a nuna maka inda aka rubuta shi a yarjejeniyar da ka sa wa hannu, ko a jadawalin farashin bankin. Tarar da aka yanka sau biyu, ko wadda ba ta da tushe a takarda, taka ce, ka nemi a maido.

Kada ku tsaya cacar baki da mai gishe, ba shi ya yanka ba. Ku rubuta koke, da rana da adadin kuɗin, ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa. In sun yi shiru, ko amsar ba ta gamsar ba, akwai hukumar sa ido kan bankunan ƙasashen ƙungiyar da ke Abijan, tana karɓar koken masu asusu. A Ingila ma sai da mutane suka yi ta rubutu, bayan hukuma ta ce a 2006 tarar katin bashi da ta wuce fam 12 ba adalci ba ce, sannan aka mayar wa da yawa kuɗinsu.

Wanda bai iya Faransanci ba, ɗan'uwansa ya rubuta masa. Don Allah, cikin wannan watan ku je ku karɓi takardar bayanin asusunku, ku karanta ta layi-layi.

Wassalam,
Yayanku