Fanka ko Ruwa? Sanyaya Leza a Na'urar Ƙidayar Ƙwayoyin Jini

Akwai na'urar da ke jera ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya cikin siririn ruwa, su gifta ta gaban hasken leza, ita kuwa ta ƙirga su, ta bambance irinsu. Da ita ake ƙidayar ƙwayoyin CD4 a jinin mai cutar ƙanjamau.

Lezar iskar agon, mai shuɗin haske na nanomita 488, ta daɗe tana wannan aiki. Aibinta zafi, domin kusan duk lantarkin da ta sha zafi yake komawa. Babbarta, mai ƙarfin wat 5, sai ruwa na zagaya ta ba yankewa. Ruwa ya ɗauke, aiki ya tsaya. Ƙaramar, mai miliwat 15, fanka ta ishe ta.

Ɗalibi zai zaci ƙaramar ba ta kai ba. Sai dai a shekarun 1980 na'urori irin FACScan suka kyautata gilashin da ke tattara ƙyallin ƙwayoyin, har ɗan hasken ya wadatar wajen ƙidayar jini. Inda babbar ta yi mata fintinkau shi ne hasken ultrabayolet, wanda wasu rinin DNA ke bukata. A yau ƙananan lezoji marasa iskar gas sun maye gurbin yawancinsu.