Yawon Keke a Tsaunukan Filato: Shirin da Ya Kamata Ka Yi Kafin Ka Taka Feda

Wanda ya saba tuƙa keke a Kano ko Katsina ko Maraɗi da kilomita yake auna tafiya: ya san idan ya fita bayan sallar asuba, kafin hantsi ya ci kaza. Wannan lissafi ba ya aiki a Filato. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 sama da matakin ruwan teku, tsaunukan Shere da ke gabas da garin kuwa sun kai wajen mita 1,800. Ƙasa ce ta hawa da gangara, kuma duk wanda ya tsara tafiyarsa bisa nisa kaɗai, dare zai riske shi a inda bai yi niyya ba. A Filato kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shawarata ga mai sha'awar wannan yawo ita ce ya riƙa lissafa hawa, ya ji tsoron gangara fiye da hawan, sannan ya shiga kowane ƙauye a matsayin baƙo mai neman izini.

A fara da keken kansa. Tsohon Raleigh ko Phoenix mai giya ɗaya, irin na iyayenmu, yana da ƙarko, amma ba na wannan hanya ba ne, sai dai in ka yarda rabin tafiyar tura shi za ka yi. Nemi keke mai giya, ko na gwanjo ne, in dai firam ɗinsa bai tsage ba. Kada yawan giyar ya ruɗe ka. Abin dubawa shi ne mafi sauƙinta: ƙaramin faranti na gaba ya kasance mai haƙora 22 zuwa 28, babba na baya kuma 32 ko 34. Da wannan za ka hau tudu da kaya kana numfashi daidai. Taya ta kasance mai ɗan faɗi, domin da zarar ka sauka daga kwalta, jan burji da tsakuwa ne. Ka kai shi wurin mai gyara mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, a sauya robar birki da wayarsa, a ɗaure sifok, a wanke sarƙa a sa mata mai. Sannan ka hau shi kwana biyu ko uku da kayan da za ka ɗauka, don duk abin da zai kwance ya kwance a gida.

Kaya a kan kariya ake ɗaure su, a jaka biyu masu nauyi ɗaya hagu da dama, mai nauyi a ƙasa. Kada ka goya jaka a baya, za ta gajiyar da kafaɗa ta kuma riƙa rinjayar ka a kwana. Tiyub biyu, faci da sholisho, famfo, sifana da filaya, wayar birki guda, fitila gaba da baya, hular kwano, da katin shaidarka. A garuruwan bakin titi ba za ka rasa mai faci ba, amma kayan keken giya ba ko'ina ake samu ba.

Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, rafuka da sauran ruwa, hazo bai rufe duwatsu ba. Disamba da Janairu akwai sanyi na gaske, da asuba yakan sauka ƙasa da digiri 10 a wasu wurare, ga ƙurar hunturu da ke ɓoye abin da ka zo gani. Damina kuwa doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, da tsawa da ƙanƙara wani lokaci, kuma birkin roba ba ya kama jiƙaƙƙen gare-gare da wuri. Ko a wane wata ka je, ka riƙe rigar sanyi mara nauyi a kusa. Za ka yi gumi a hawa, iska ta buge ka a gangara, daga nan mura take farawa.

Ranar farko kada ka yi nisa. Ka zaga cikin Jos jikinka ya saba da iskar tudu. Je gidan adana kayan tarihi da Bernard Fagg ya kafa a 1952, ka ga mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 a ƙauyen Nok da ke kudancin jihar Kaduna ta yau. Kusa da shi akwai filin da aka gina kwaikwayon gine-ginenmu na gargajiya, har da ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Ganin wannan kafin ka fita yana buɗe ido, domin wani babban ɓangare na hanyar da za ka bi kuza ce ta shata shi. Da yamma ka bi ta Lamingo ka nufi gindin Shere, ka gwada giyarka da birkinka a hawan gaske. In wani abu zai ba ka matsala, gara ya nuna kansa nan kusa da gari.

Doguwar hanyar da nake ba da shawarar bi ita ce ta kudu: Jos zuwa Bukur, kimanin kilomita 15, sai Kuru, Mararrabar Jama'a, Heipang inda filin jirgin sama yake, Barikin Ladi, Mangu, Panyam, ka ƙare a Pankshin. Ta haura kilomita 100. Matashi mai ƙarfi zai ce zai cinye ta a yini ɗaya, kuma zai iya, amma ba abin da zai gani sai kwalta. Raba ta kwana uku. A lissafina, ga mai ɗauke da kaya, kowace mita 100 ta hawa ka ƙara wa tafiyarka kamar kwata na awa, ban da hutu. Manhajar taswira a waya tana nuna hawa da gangaren hanya. Ka duba ka kuma sauke taswirar tun kana da sabis.

Daga Bukur akwai ratse zuwa Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924. Ratse ne da ya cancanci rabin yini, domin a wannan yanki za ka ga ƙauyukan Birom da shingayen kerana da suka kewaye gidaje da gonaki, wasu sun yi tsayi har sun zama lungu. A da su ne ganuwar gari. Kada ka jingina keke a jikinsu, kada kuma ka karya reshe, domin farin ruwan da ke fita daga ciki yana ƙuna, in ya shiga ido kuwa abin ya yi muni. Za ka kuma riƙa ganin tuddan jar ƙasa da manyan kududdufai masu ruwa kwance, tsanwa shar. Ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka bari. Komai zafin da ka ji kada ka shiga wanka. Bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani, kuma sun ci mutane da dabbobi da yawa.

Hawa dabara ce fiye da ƙarfi. Ka sauya giya kafin tudun ya kama ka, ka ɗan sassauta ƙafa lokacin sauyawa don kada sarƙa ta tsinke. Zauna a kan sirdi, ƙafa tana juyawa da sauƙi, a gudun da za ka iya yi wa abokin tafiya magana ba tare da haki ba. Idan ka ga magana ta gagara, giyar ta yi nauyi ko gudun ya yi yawa. In tudu ya fi ƙarfinka sauka ka tura, manoman da ke wucewa da buhunan dankali a kan nasu kekunan haka suke yi, kuma sun fi ka sanin hanyar. Sanyin iskar Filato yana ɓoye ƙishirwa, don haka ka riƙa kurɓar ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, ka kuma riƙe ƙunshin gishiri da sukari irin na asibiti. Ci kaɗan-kaɗan tun yunwa ba ta zo ba: dabino, gyaɗa, ayaba, ƙuli-ƙuli. Da rana in ka samu gwaten acca mai zafi a kasuwar ƙauye, ka samu abincin tafiya.

Gangara ce take kai mutum asibiti. Keke mai kaya yana ɗaukar gudu cikin ƙiftawar ido, kuma ba ya tsayawa inda ka saba tsayar da shi. Ka kama birki biyu tare, kana matsawa kana saki. In ka danne shi tun daga sama har ƙasa, gare-garen zai yi zafi, robar ta daina kamawa, tiyub ma yana iya fashewa. A doguwar gangara tsaya ka taɓa ƙarfen, in ya yi zafi ka jira ya huce. Rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a tsakiyarta ba, ka ɗaga fedar da ke ɓangaren da kake karkata. Yashi a bakin kwalta, ramin da inuwa ta rufe, akuya, ɗan acaɓa da ya fito daga lungu, duk a gangara suke zama hatsari. Game da Hawan Kibo, babbar gangarar da ke kan hanyar Akwanga inda ake sauka daga tudun zuwa wajen ruwan Assop, maganata ɗaya ce: mai farawa kada ya sauke ta a keke. Hanya ce ta tireloli da tankoki, kuma ta yi ƙaurin suna wajen shanyewar birki. In kana son ganin Assop, ɗora keken a mota.

Daga Mangu zuwa gaba ƙasar Mwaghavul ce, kuma a nan tafiya take ƙara daɗi. A Panyam akwai tsohuwar gonar kifi, kusa da nan kuma akwai Kerang da tsaunukanta waɗanda a zamanin da can suka yi aman wuta, shi ya sa ƙasar wurin take da albarka, ruwan marmaronta kuma ake ɗurawa a kwalba. Pankshin ta Angasawa ce, a tsakiyar duwatsu. Ka ajiye keke ka taka da ƙafa zuwa tsofaffin unguwannin kan dutse, ka ga yadda aka jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni don tare ƙasa da ruwa a yi noma. Aiki ne na kaka da kakanni, kuma ni a wurina shi ya fi komai burgewa a duk hanyar. A wajen Bokkos kuma akwai tsofaffin gadojin dutse na Butura, waɗanda suke cikin kayan tarihin ƙasa da hukuma ke karewa.

To, amma ambaton Bokkos ya kawo mu ga maganar da ba za a tsallake ba. Riyom, Barikin Ladi, Mangu da Bokkos duk sun sha fama da tashin hankali. A jajibirin Kirsimetin 2023 an kashe sama da mutum 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, a farkon 2024 kuma an sa dokar hana fita a Mangu. Mutanen da za ka ratsa garuruwansu, Kirista da Musulmi, manoma da makiyaya, da yawansu sun binne 'yan'uwa. Baƙon fuska a kan keke da jakunkuna yana iya tayar musu da hankali, kuma suna da dalili. Saboda haka kada ka tafi kai kaɗai. Ku kasance uku ko huɗu, kuma lallai a cikinku a samu ɗan yankin mai jin yaren wurin. Kowace safiya ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, su ne suke fara jin labari. In aka ce akwai zaman ɗar-ɗar a gaba, ku ɗora kekuna a mota ku wuce, ko ku koma. Ƙarfe huɗu na yamma ta same ku a masauki, cikin gari, a wurin da kuka shirya tun kafin ku taso. Kwana a tanti a daji ba na wannan yanki ba ne a yanzu.

Idan za ku bar titi ku shiga ƙauye, ku sauka daga keke a bakin gari, ku cire tabarau, ku gaisa. Hausa tana yi kusan ko'ina a Filato, amma kalmar gaisuwa ɗaya cikin yaren mutane tana sauya fuskarsu nan take, don haka ka sa abokin tafiyarka ya koya maka. Ku nemi mai gari ko wakilinsa, ku faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku. Galibi za a haɗa ku da yaro ya nuna muku wuri, ku kuma sallame shi da abin kirki. Wasu duwatsu da kurmi wuraren al'ada ne da ba a shiga, ka tambaya kafin ka hau. Hoto ma sai da izini, musamman na mata da yara, a shingen jami'an tsaro kuwa waya ta zauna a aljihu. Ranar Lahadi da safe yawancin ƙauyuka suna coci, shaguna a rufe, sai ka sayi guzuri tun Asabar. Masallatai akwai a garuruwan kan hanya, ka tsara hutunka ya dace da su. Zancen wane ne da laifi a rikici kuwa, ko an ja ka kada ka shiga. Jaje ya isa.

Kafin ka tashi, rubuta hanyarka da wuraren kwananka ka bar wa wani a gida, ku yi alkawarin waya kowace magariba. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin ba kowane ƙauye ke da mai POS ba. In kuma wannan ne karonka na farko, ka tsaya a Jos, Shere da Vom, kwana biyu ko uku, ka bar Pankshin sai zuwa na gaba.